Hambali da Buhunan Riɗin Gwaram

Hambali ɗan kawuna ne, taubashina, don haka duk abin da na faɗa a kansa sai dai ya haɗiye. Gajere ne kamar turmi, wuyansa ya fi cinyata kauri. Shekara ashirin yana lodin manyan motoci a kasuwar Gwaram. Buhu in ya hau kafaɗarsa zai gaya maka nauyinsa, har da na zaren ɗinkin.

Bara ambaliya ta cinye gonarsa ta Kwandiko, ko dami ɗaya bai tsira da shi ba. Matarsa Ummussalma da 'ya'ya bakwai suka koma kunu sau ɗaya a rana. Da ƙyar aka samo masa aikin lodin jirgin sama na kaya a Kano, gwajin wata uku.

Saura kwana biyar gwajin ya cika aka kawo riɗi. Malam Sada, mai tsara nauyin kaya, ya ƙirga buhuna, ya ba kowanne kilo ɗari a takarda, ya ce a jera su can wajen wutsiyar jirgin. Hambali na ɗaga ɗaya ya gane ya fi kilo ɗari. Ɗinkin garinmu ne. Mu ba ma rufe buhu sai mun danna da ƙafa mun ɗora masa hula, kada a ce mun yi ƙwauro.

"Malam, a ɗora su a sikeli. Wutsiya za ta rinjayi kai."

"Kai da ko sa hannu sai dangwale? Ɗauki kaya."

"Malam, mutum takwas nake ciyarwa. Wallahi ba don daɗi nake magana ba."

"To ka tuna da su."

Hambali ya ce min ya tuna da su ɗaya bayan ɗaya, har mai rarrafe. Sannan ya haye kan buhunan ya zauna yana kuka, da gemunsa da komai, wai sai dai a loda har da shi. Matuƙin jirgin ya sauko ya sa aka auna. Kowane buhu ya zarce da kilo goma sha takwas. Aka sauke, aka sake jeri, jirgi ya makara awa huɗu.

Matuƙin ya gaisa da Hambali hannu bibbiyu. Takardar gwaji kuwa Malam Sada ne ke sa mata hannu, kuma bai sa ba.

Jiya na ga Hambali a tashar Birnin Kudu, tsugune, yana jiran ko mota za ta zo da kaya. Na buɗe baki zan tsokane shi, ya ce, "Bari tukuna, tun safe ban ɗauki komai ba."