Wata Huɗu Ina Ce wa Yaya Madalla

Fitar da iska daga birkin mota aikin mutum biyu ne, haka na taso na tarar. Ɗaya yana kujerar direba, ƙafarsa a kan birki, ɗaya yana kwance bayan taya da sifana a hannu. Na ƙasa ya ce "taka", na sama ya yi ta takawa har birkin ya yi tauri. Ya ce "riƙe", na sama ya danne. Sai na ƙasa ya sassauta wani ɗan noti mai rami, man birki ya fito da kumfa, ya yi maza ya ɗaure, sannan ya ce "saki". Sharaɗin ɗaya ne: kada ƙafa ta ɗaga kafin a ɗaure notin. In ta ɗaga ko kaɗan, iskar da aka kora ta koma ciki, direba ya je gangara ya taka birki ya ji kamar katifa ya taka.

Ni da yayana mun haura shekara ashirin muna wannan aiki a garejinmu, bakin hanyar da ta fita daga Gwarzo zuwa Kabo. Shi ya koya mini kanikanci, kuma na sha faɗa kafin na iya. Zai iya yafe maka ɓata inji, amma ban da birki. Direbobin akori-kura na Durun da Gammo, masu laftar masara da mutane a kan buhuna, duk sun san halinsa. In bai yarda da birkinka ba, sai ya zare makulli ya jefa a aljihu, ka yi ta zage-zagenka, ko kallonka ba zai yi ba.

Wata damina hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bayan wata shida ya fara takawa da sanda. Likita ya ce ya riƙa motsa ƙafar, shi kuwa Yaya bai ga motsin da ya fi taka birki ba. Ya dawo gareji. Sifana ta fi ƙarfin hannunsa, kwanciya a ƙasa ta gagare shi, abin da ya rage masa kujerar direba ce kawai.

Tun ranar farko na gane akwai matsala. Zai ce, "Na riƙe," da muryarsa ta da, mai ƙarfi, amma ina kallon man yana ja da baya a cikin tiyon da nake maƙalawa a bakin notin. Ƙafar rawa take yi, shi bai ma san tana ɗagawa ba. Na ce ko zai gwada da hagu. Ya leƙo ta taga ya ce, "Auta, ni za ka koya wa ƙafar da ake taka birki da ita?" Daga nan ya tambaye ni, a hankali, yadda na ga riƙon. Na dubi fuskarsa na ce, "Madalla, Yaya." Kalma biyu ce, wallahi har gobe ina jin ɗacinsu.

A makon nan na shiga Kano wajen masu kayan gyara, na sayo famfon zuƙe iska. Ɗan abu ne da ake matsawa da hannu, da tiyo, da 'yar kwalba. Ka maƙala tiyon a bakin notin, ka matsa famfon, ka sassauta notin, sai ya zuƙo mai da iska zuwa cikin kwalbar. Ba ruwanka da mai taka birki. Abin lura kawai ka riƙa leƙa kwanon man birki kana cikawa kada ya ƙafe, ka kuma fara daga tayar da ta fi nisa da direba. Na naɗe shi a tsumma na ɓoye cikin wata tsohuwar taya a bayan rumfa.

Sai na tsara rayuwata a kan ƙarya. Da safe mu yi aiki tare, ina "taka, riƙe, saki", ina "madalla". Da an kira azahar ya lallaɓa masallaci, daga can ya wuce gida ya huta. Ni kuma in sallame in dawo da sauri, in sake bin tayoyin nan huɗu ni kaɗai. Direbobi na ce musu man yana bukatar ya zauna. Man birki ba ya wani zama, amma wa zai yi gardama da bakanike? Wata huɗu muka yi a haka. Yaya ya yi haske, har ƙiba ya soma. Na taɓa jin sa yana gaya wa mai shayin da ke gefenmu cewa ƙafa ta kusa dawowa, "ka tambayi Auta, shi yake gani daga ƙasa." Na yi ta jin daɗin wayona, ina ganin na raba gardama tsakanin tausayi da rayukan mutane.

Na manta da wa nake yi. Mutumin da ya san ciwon mota daga ƙararta ba zai kasa lura cewa babu motar da take barin gareji kafin azahar ba.

Wata ranar kasuwa wani direba daga Kara ya kawo akori-kura, na canja masa tiyon birkin baya. Yaya ya hau. Na ce riƙe, ya ce ya riƙe, na sassauta noti. Wannan karon ba rawa ƙafar ta yi ba. Man ya koma gaba ɗaya, har na ji ƙarar fedar birkin ta bugi sama. Haka a taya ta biyu, haka a ta uku, haka a ta huɗu. Na ce a raina yau jikin ne babu daɗi. Na fito ina goge hannu na ce, "Madalla, Yaya, ya yi."

Ya zare makulli. Ya sauko da ƙyar, ya dogara sandarsa, ya ce da direban ya je ya sha shayi. Sai da mutumin ya yi nisa sannan ya dube ni.

"Da gangan na ɗage ƙafata, sau huɗu," in ji shi. "Motar nan ba ta da birki, kai kuma ka ce madalla. To ɗayan biyu ne. Ko kana sallamar mutane su je su mutu a hanya, ko akwai abin da kake yi in na ba da baya. Gaya mini wanne ne, don in san ƙanen da nake da shi."

Na zagaya bayan rumfa na ɗauko famfon na miƙa masa. Ya juya shi da hannun hagu, ya matsa sau biyu, ya toshe bakin tiyon da yatsa ya ji yadda yake zuƙa. Ya ce in yi aikin yana gani. Na kwanta na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, hawaye yana gangara mini cikin kunne. Yana tsaye a kaina, sau ɗaya ya yi magana, ya ce in duba kwanon mai ya yi ƙasa. Da na gama ya hau, ya taka birkin da ƙafar hagu, ya daɗe yana danne da shi.

"Ya yi kyau," ya ce. "Abin nan yana da amfani, ka riƙe shi." Ya ba ni makullin. "Da ka ce mini ƙafar ta mutu, Auta, da na yi kukana kwana biyu na haƙura. Wata huɗu ina tambayar ka."

Ya tafi gida tun kafin a kira salla, kuma bai ƙara zuwa gareji ba. Na je na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, na kuma san da gaske yake, don Yaya ba ya faɗin abin da ba ya nufi. Kullum da yamma nakan biya in gaishe shi. Mu gaisa har ƙasa, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, in ba shi labarin motocin da suka zo, wani lokaci har ya yi dariya. Na ɗauka komai ya wuce.

Bayan shekara guda ciwon ya dawo, ya kwantar da shi. Wata safiya na shiga ɗakinsa na tarar ya sha kunu, ya jingina da bango da kansa, idonsa ya washe. Matarsa tana zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaishe shi, farin ciki ya kama ni, na ce, "Alhamdu lillahi, Yaya, yau jikin da sauƙi sosai." Gaskiya na faɗa, Allah ne shaidata.

Ya dube ni da kyau, babu fushi ko kaɗan a fuskarsa. Sannan ya juya kansa a hankali wajen matarsa ya ce, "Ke, haka ne?"