Ranar da Malam Ya Ja Iyaka da Toka

A shekarun da kuɗin man fetur suka buɗe makarantu ko'ina, ina aji biyu aka turo mana sabon malami Jibiya. Ya dawo daga kwas da wata fasaha, wai yaro ba ya koyo da bulala sai da wasa.

Ran nan ya fito da mu fili, ya ja layi da toka. Ya ce, "Nan Najeriya, can Nijar." Ya tsayar da yara biyu su zama masu tsaron iyaka, mu kuma 'yan kasuwa, kowa da ƙunshin duwatsu a ka. Aikinmu mu je mu kwance kaya a duba, sannan mu wuce. Wai mu 'ya'yan Jibiya za a koya wa ƙetare iyaka!

Yana hura usur muka watse. Wasu suka bi ta bayan masai, wasu ta gonar hedimasta, ni kuwa na cusa duwatsuna cikin wando ina ɗingishi. Yarinya ɗaya ce ta bi layi. Masu tsaron suka miƙa mata hannu suna kallon sama, ta danƙa musu gyaɗarta, ta wuce ba a taɓa kayanta ba.

Nan take Malam ya manta da kwas, ya karyo tsumagiya. Yana zabga mana yana tambayar a gidan uban wa muka koyi wannan rashin gaskiya. Da ya gaji, ya hau ɗan babur ɗinsa mobilet ya tafi. Babana ne ya shigo masa da shi daga Maraɗi, ta cikin gonakin gero.