Gayaunar da Baffa Ya Yanka Mini

Jiya na ga Sabi'u, ɗan ƙanen babana, ya ɗebi ƙasa ya shinshina kafin ya kafa fartanya. Nan take Baffa ya faɗo mini a rai, tsohon haushina ya dawo sabo.

Shekarar da za mu gama sakandare a Kunci, damina biyu ke nan rumbu bai cika ba, sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidanmu. Baffa, yayan iyayenmu maza, shi ke riƙe da gandu. Ya ce duk wanda zai bar makaranta dole ya koyi ci da kansa, sai ya yanka mana gayauna. Ni ya ba ni wuri mai taki, Sabi'u kuwa fako. Har dariya na yi masa.

Ashe ni aka bari a baya. Kullum da sassafe Baffa yana wajen Sabi'u, suna jidar taki a mangala, yana koya masa jin ƙamshin ƙasar da ta ƙoshi. Ina jiyo dariyarsu ta bayan gamba. Ran nan na kasa daurewa.

"Baffa, ni ba ɗanka ba ne?"

Ya karkaɗe hannuwansa ya ce, "Kai na ba ka gona, shi na ba shi kaina. In kana so, ku yi musaya."

Na dubi gerona ya yi shar, na tuna yunwa, na ce ba zan yi musaya ba.

Geron nan tun kafin wata damina muka cinye shi. Sabi'u kuwa har yau rabonsa yake ci.

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka kabarinsa. Ni kuma ya yaye mini ƙyashin ɗan'uwana, don da bakina na ƙi.