Hannun Kakana da Kifin Talabijin

Jiya ina tsintar shinkafa na ji wani ƙirrr daga wayar ɗana, irin ƙarar zaren fatsa in kifi ya fizga da gudu. Na ture farantin, na kasa zama. Ba za ka gane dalili ba sai na ba ka labarin hannun kakana.

Masunci ne, da birgi, wato ragar kamun kifi da ake wurgawa, ya ci abinci a kogin Kaduna tun ba a haifi babana ba. Wata damina ɓarin jikinsa na dama ya shanye, aka dawo da shi gidanmu a Hayin Banki. Ƙafa ta warware, hannu ya ƙi. Likita ya ce in bai riƙa motsa yatsun ba, ƙandarewa za su yi har abada. Aka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya cilla shi bayan katanga. Ga shi ba ya iya zama wuri ɗaya. Daga zaure zuwa tsakar gida, daga nan zuwa bakin titi, yana shaƙar iskar hadari yana tsaki, hannun na reto. Ya hana kansa sakat, ya hana mu.

Ana haka kawuna ya sayo mana gem na gwanjo, irin wanda ake jonawa da talabijin, a Babbar Kasuwa, ciki har da wasan kamun kifi. Wani Bature ne tsaye cikin rafi, yana wurga ƙugiyar da aka ɗaura wa gashin tsuntsu don kifi ya zaci ƙwaro ne. Yayyena maza suka raina shi, su ƙwallo suke so. Ni kuwa na nace har na gane kan manyan kifaye. In ya ja, ka sakar masa zare ya sha gudunsa. In ya yi hagu, ka karkata sanda dama. Sai ya gaji ka naɗe sannu a hankali da babban yatsan dama, don in ka yi garaje zaren tsinkewa yake.

Kaka yakan leƙo, in ya ga na kama ya kau da kai don haushi. Wata rana ya ce, "Amarya, saboda wannan ragon kika guje ni?"

Na ce, "Ragon ai yana kamawa, tsoho. Kai fa?"

Maganar ta soke shi. Ya zauna ya karɓi abin dannawar.

Sai dai mai birgi da ya ji nauyi fizgowa yake gaba ɗaya. Haka ya riƙa yi da dukan jikinsa, har wayar gem ɗin ta cire daga jikin talabijin. Zare ya tsinke, ya sake tsinkewa, yatsan na rawa yana zamewa. In an ɗauke wuta ya koma safa da marwa yana mita. Har damina ta yi nisa bai kama ko ɗaya ba, ni kuma tsoro ya fara kama ni kada ya yi zuciya ya bari.

Ran nan bayan la'asar wani ƙato ya ci ƙugiya. Na ga kafaɗarsa ta ɗaga zai fizga, sai ya cije leɓe ya saki. Gumi na ɗiga daga gemunsa, ya saki, ya naɗe, ya saki, har kifin ya iso. Baturen ya ɗaga shi, ya cire ƙugiya, ya mayar da shi ruwa. Haka dokar wasan take, Kaka ne bai taɓa tsayawa ya gani ba.

Ya damƙi tsintsiyar hannuna. "Wa ya ce ya sake shi? Ki ce ya dawo min da kifina."

Zafi ya sa na yi ƙara. Innata ta fito daga madafa a guje, ta dubi inda ya riƙe ni, sai ta fashe da kuka. Da hannun dama ne.

Yanzu yara kwance suke wasansu, kowa da wayarsa, ba allon da tsoho zai leƙa daga bakin ƙofa, kuma abin na damuna. Kaka bai koma kogi ba. Amma har Allah ya karɓi abinsa, da hannunsa na dama ya ci tuwo, ba wanda ya ƙara ba shi a baki.