Sunan da Bakinsa Ba Ya Faɗa

Raliya 'yar mai lambu ce. Mahaifinta, Malam Ahmadu, ya baro wani ƙauye na ƙasar Ɓaɓura tun yana saurayi, ya yi ta aikin ban ruwa da gyaran shuke-shuke a manyan gidajen Nassarawa, har ya zauna a gidan da ke maƙwabtaka da namu, aka ba shi ɗaki a can baya. A nan aka haife ta. Ita ce 'yar fari, ita kaɗai ce kuma ta rayu a cikin 'ya'yansa.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano ya riƙo hannunta ya kawo ta ajina. Na tambaye shi sunanta. Ya dubi ƙasa, ya gyara hula, ya ce, "Malama, ai tana da baki." Alkunyar mutanen da ce: uba ba ya kama sunan ɗansa na fari. Daga wannan rana har ƙarshen rayuwarsa ban taɓa jin ya ce da ita komai ba sai "yarinyar nan".

Mahaifiyarta ta rasu tana sakandare. Ta daure ta gama, ta karanci kwamfuta, ta kama wata sana'a da yawancinmu ba mu san sunanta ba. Idan mutum yana neman abu a intanet, yakan rubuta 'yan kalmomi a shafin bincike. Aikin Raliya shi ne ta gano kalmomin da mutane suka fi rubutawa, ta gyara shafin ɗan kasuwa ya dace da su, ko ta saya masa talla a kansu, yadda duk wanda ya rubuta su zai fara cin karo da shi. Teloli da masu otal da masu sayar da kayan ɗaki duk sun san lambarta. Nata shafin ma ta gyara shi sarai: wanda ya rubuta "Raliya Kano" ita zai fara gani, ga lambar waya a ƙasa.

Wata rana a falona na ji tana fama da wata mai sayar da turaren wuta, Hajiya Sauda.

"Hajiya, babu matar da za ta zauna ta rubuta 'ƙamshin alfarma na manyan mata'. 'Turaren wuta mai kama jiki' suke rubutawa."

"Oh ni! Yanzu ke ce mai kayan ko ni?"

"Ke ce mai kayan, Hajiya, amma ba ke ce mai neman ba. Mai nema da sunan da ya sani yake nema."

Wannan ita ce ƙa'idarta, kuma da ita ta yi suna. Malam Ahmadu bai taɓa fahimtar aikin ba, amma yana alfahari da shi. Yakan leƙo ta kan katanga ya ce mini, "Malama, ni na shuka zogale a ci. Yarinyar nan magana take shukawa, kuma wai tana tsirowa!"

Sai tsufa ya fara taɓa masa tunani. Aka gan shi yana ba furanni ruwa ana tsaka da ruwan sama. Raliya ta kama gida a Badawa ta ɗauke shi, yana ta ƙorafin wa zai kula da gwandarsa. Wata safiya cikin damina, tana kicin tana dama masa koko, ya sa takalmi ya fita. Bai iso lambun ba, bai kuma koma gida ba.

Babu inda ba ta je ba. Ta je wurin mai unguwa, da ofishin Hisba, da asibitoci, ta ba da cigiya a rediyo: Malam Ahmadu mai lambu, na Nassarawa. Sannan ta koma ga abin da ta fi iyawa. Ta buɗe shafi da hotonsa, ta zauna tana tunanin abin da wanda ya tsinci tsoho zai rubuta, ta sayi talla a kan "an tsinci dattijo a Kano", da "cigiyar tsoho", da sunansa a haɗe da kowace unguwa. Na same ta idanu sun kumbura, ta ce, "Malama, duk wanda ya neme shi zai faɗo hannuna. Ban bar ƙofa ko ɗaya ba."

Mako ya zagayo, sai waya ta shigo daga ƙauyensu. Wata motar haya ta sauke shi can da yamma, jiki ya yi zafi, tari ya ci ƙarfinsa. Kafin hantsi ya cika. Ta kama hanya nan take, amma ta tarar har an kai shi makwancinsa.

Direban motar ya bar wa dangi kwatancen gidan da suka riƙe shi a Kano. Bayan an share makoki ta roƙe ni in raka ta can godiya. A Kaura Goje ne, tafiyar da ba ta kai a hau mota ba daga gidanta. Maigidan, Alhaji Ƙasimu, tsohon direba, shi ya tsince shi a ƙofar masallaci, jiƙe sharkaf. Matarsa, Hajiya Binta, ta shimfiɗa mana tabarma, aka yi gaisuwa, ta ba mu labari.

"Mun tambaye shi suna, ya ce Ɗanjuma. Ya ce jiya ya zo birni neman aiki, innarsa na jiransa a gida."

Raliya ta ɗago kai. "Ɗanjuma?"

"Haka ya ce, 'yata. Cigiyar Malam Ahmadu kuwa mun ji ta a rediyo, har na ce Allah ya bayyana shi. Ban san shi ne zaune a zaurena ba. Da sunan Ɗanjuma muka kai wa mai unguwarmu cigiya. Najla, 'yar autata, ta duba a wayarta, ta rubuta Ɗanjuma da sunan garinsu, ba ta ga komai ba. Da jikin ya ƙi, Alhaji ya ce gara a kai shi ga danginsa."

Ɗanjuma, sunan da mahaifiyarsa take kiransa da shi ke nan. A birni babu wanda ya san shi, 'ya kuwa ba ta tambayar ubanta sunan yarintarsa.

Hajiya Binta ta ci gaba. "Amma akwai ranar da hankalinsa ya dawo. Ya ce yana da 'ya, mai aikin kwamfuta, kowa ya san ta. Alhaji ya ce, 'Baba, faɗi sunanta, yanzu Najla ta nemo ta.' Sai ya sunkuyar da kai yana murmushi. Na ce, 'Haba Baba, yau ai ba ranar kunya ba ce.' Ya ja hannun riga ya rufe baki. Ya ce, 'Yarinyar nan dai.'"

Raliya ta ja mayafinta ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Da ta iya buɗe baki, ta yi musu godiya, ta ce abin da suka yi ko ɗan uwa sai haka.

Ba ta bar sana'arta ba. Yanzu idan tsoho ya ɓace wa wani gida, akan turo su wurinta, ba ta karɓar komai. Kafin ta kunna kwamfuta takan tambaye su, "Da wane suna mahaifiyarsa take kiransa?" Da yawa ba su sani ba, sai an buga waya ƙauye.

Ranar Juma'a takan zo Nassarawa ta gaishe ni, sannan ta shiga gidan maƙwabta da izininsu, ta ba gwandar ruwa. Rannan ta tsaya riƙe da bokiti ta ce mini, "Malama, ya manta garin da yake, ya manta shekarunsa. Amma bai manta ni ce ta fari ba."