Baba Sakatare Ya Tafi Da Laifin Oga a Kansa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsaye a bus stop a Tottenham, nan London, da safen nan, Emi 'yar Baba Sakatare ta kira ni, wai kada in zo aiki, babanta ya rasu a asibiti. Zuciya ce.

Har yanzu dambun da na yi masa yana cikin jakata.

Waɗanda suka san ni sun san aikin care nake yi, wato kula da tsofaffi a gidajensu. Wannan tsoho ɗan Japan ne da nake kula da shi a wani ƙaramin flat a Stratford. Baba Sakatare nake ce masa, shi kuma ya ce mini Hajara-san, irin girmamawar yarensu.

Kullum in zan tafi sai in tarar ya jera mini takalmana suna kallon ƙofa, da wannan bayan nasa mai ciwo. Na yi faɗa har na gaji. Da azumi ba ya cin abinci a gabana. Yajina kuwa yana ci yana hawaye, yana cewa so nake in kashe shi kafin lokacinsa.

A ƙasarsu sakataren wani ɗan majalisa ne. Ya ce jam'iyya takan shirya liyafa, a sayar wa kamfanoni tikiti, rarar kuɗin ta koma aljihun oga ba tare da an rubuta ko'ina ba. Ranar da asiri ya tonu, abin da aka saba yi aka yi, aka ce sakatare ne. Shi ya fito gaban kyamara ya sunkuya, ya ce laifinsa ne shi kaɗai. Oga ya ci gaba da zama a kujerarsa.

Na ce masa ai ku da sauƙi Baba, namu ɓarayin ko sunkuyawar ba sa yi, sarauta ma ake ba su. Ya yi dariya har da tari.

Emi ce ta kawo shi London bayan rasuwar mamanta, ita ke biyan komai. Amma cefane take ajiyewa a bakin ƙofa ta juya. Ban taɓa ganin ta sha ko shayi da shi ba. Tana yarinya aka riƙa kiranta 'yar ɓarawo, kuma ta yarda.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, na same shi yana kallon labaran ƙasarsu. Wata sabuwar badaƙalar ce, wani sakataren ya sunkuya. Baba ya nuna shi da cokali ya ce wannan ma ba shi ya ci ba. Na tambaye shi, to shi Baba me ya hana shi magana tun lokacin nasa?

Ya ajiye cokalin.

"Ni na ɗauki ambulan ɗin kuɗin na kai wa oga, Hajara-san, amma ko sau ɗaya ban buɗe ba. Shirun da na yi, shi ya sa oga ya biya wa Emi karatu a London. Kada ki gaya mata."

Ban ce ba shi da laifi ba. Ya ɗauka, ya kai, ya rufe baki. Amma wanda ya ci kuɗin yana can ana buɗe masa ƙofar mota, wanda bai ci ba ya mutu 'yarsa na jin kunyar sunansa.

Da ta kira ni yau muryarta a bushe take, kamar mai cancel ɗin appointment. Har ta ce in kawo mata makullin flat ɗin ranar Asabar.

Baba ya ce kada in faɗa mata. Ni dai ban yi masa alkawari ba, kwanonsa kawai na ɗauke a ranar. Zan kai makullin, kuma sai ta zauna ta ji.

Baba ba Musulmi ba ne, al'amarinsa yana hannun Allah, Shi ya san abin da ke zuciyar kowa. Ya Allah ka ba Emi haƙuri, ka tausasa zuciyarta. Ka saka wa duk wanda aka ɗora wa laifin babba, a Japan ne ko a gida.

'Yan uwa, duk wanda ya karanta ya taya ni addu'a, Allah ya sa bakina ya iya faɗar maganar nan ranar Asabar.