Farfesun Dubiya

Kowa a Zongo ya ɗora wa likita laifi, wai ta yi gaggawar sallamar Baba. Ba haka aka yi ba. Ina wurin, ni na yi tafinta, don Faransancin Baba bai wuce na ciniki ba. Likitar ba ta kore mu ba, zaɓi ta ba mu.

Wata tsoka ce a bayan tumbi ta kumbura, pankireyas ta kira ta. Da aka yi masa ƙarin ruwa ciwon ya lafa, sai ta ce nasa mai sauƙi ne: ko ya ƙara kwana biyu a gadonsu, ko ya ƙarasa jinya a gida. Sharaɗin gida shi ne ruwa da yawa, abinci kaɗan-kaɗan marar maiƙo. In amai ya dawo, ko zazzaɓi, ko ciwon ya sake ratsawa zuwa baya, a komo nan take. Baba ya gaji da warin asibiti, ni ma na gaji da zaman benci. Na ce zan iya.

Na manta mahauci na ɗauko. Abokansa duka mahauta ne, kuma mahauci ba ya zuwa dubiya hannu rabbana.

Kwanukan farko ni na tare su a zaure, na raba wa maƙwabta. Ran Juma'a bayan an sauko, Baffa, wan Baba, ya iso daga unguwar Ouidi da kwano ɗaure a bayan moto, wato babur ɗinsa. Shi ba a tare shi. Har bakin gado ya kai, ya buɗe da kansa. Farfesun ƙafar saniya ne, mai ya kwanta a samansa.

"Baffa, likita ta hana."

"Ke 'yar lakwal mai karatun boko, likitar taki ta taɓa ganin mahaucin da koko ya tayar?"

Mutanen ɗakin suka yi dariya. Inna ta mintsine ni. "Romo ne fa. Kar ki ba mu kunya."

Baba bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ce, "Bari, uwata. Yaya ne ya kawo." Ba yunwa yake ji ba, ina ganin yadda yake haɗiya da ƙyar. Baffa bai tashi ba sai da ya ga gindin kwano.

La'asar ta yi, Baba bai nemi buta ba. Na same shi zaune a bakin gado, ya duƙa, gwiwoyinsa sun kusa taɓa ƙirji. Irin zaman da ya yi ranar farko ke nan. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

"Baba, ciwon ya kai baya?"

"Gajiyar baƙi ce."

A ƙarƙashin gado na hango roba, an rufe ta da tsumma. Ban buɗe ba, warin ya ishe ni. Daga zaure wani ya yi sallama, na ji ƙarar murfin kwano.

Inna ta ce a jira Baffa, shi ne babba. Na ɗauki takardar sallama da gyalena. Taksi zan tsayar a bakin titi in mayar da Baba asibiti, kuma in likitar ta tambayi abin da ya ci, zan faɗa mata, ko da Baffa na tsaye a wurin.